Ɓarawo, Maigida da Diyya a Shari'ar Ibraniyawan Dā: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya zauna karatun Attaura, a makarantar tauhidi ne ko a ajin tarihin shari'a, idan ya iso babi na 22 na Littafin Fitowa sai ya ɗan tsaya. Ayoyi huɗu ne kacal a farkon babin, amma cikinsu akwai bijimin da aka yanka, akwai bangon da aka fasa da tsakar dare, akwai gawa a tsakar gida, akwai kuma mutumin da aka sayar don ya kasa biya. Ga tambayoyin da masu karatu suka fi maimaitawa a kansu.

1. A ina ake samun waɗannan dokoki?

Tushensu Fitowa 22:1-15 ne, cikin sashen da ya faro daga 20:22 ya kai 23:33, wanda ake kira Littafin Alkawari. Sashen yana biye da Dokoki Goma kai tsaye. A can an ce kada a yi sata, amma ba a faɗi abin da za a yi wa wanda ya yi ba. Babi na 22 ne ya ɗauko maganar ya warware ta, abu bayan abu: idan kaza ya faru, ga hukunci. Akwai ƙari a Firistoci 6:1-7, da Ƙidaya 5:5-8, da Maimaitawar Shari'a 24:7.

Mai duba matanin Ibrananci ya lura cewa lambobin ayoyi sun ɗan goce. Ayar bijimi da tunkiya a can ita ce 21:37, don haka kowace aya ta babi na 22 ta ja baya da ɗaya, kuma Firistoci 6:1-7 ya koma 5:20-26.

2. A taƙaice, mene ne hukuncin ɓarawo? Ana kashe shi ko ana yanke masa hannu?

Ko ɗaya. Hukuncin satar dukiya biya ne, kuma wanda aka yi wa satar ake biya, ba sarki ba, ba baitulmali ba. Idan an sami abin da aka sata da rai a hannun ɓarawo, bijimi ne ko jaki ko tunkiya, zai biya ninki biyu. Idan ya riga ya yanka ko ya sayar, zai biya shanu biyar a madadin bijimi ɗaya, tumaki huɗu a madadin tunkiya ɗaya. Kuɗi da kaya kuwa ninki biyu ne.

Kurkuku ma ba ya cikin hukuncin. Inda Attaura ta ambaci tsare mutum, kamar Firistoci 24:12 da Ƙidaya 15:34, tsarewa ce ta jiran hukunci, ba ita ce hukuncin ba. Satar da take kai mutum ga kisa tana tambaya ta 11.

3. Me ya sa biyar a kan bijimi, huɗu a kan tunkiya, amma biyu kawai idan dabbar tana da rai?

Ninki biyu yana da ma'auni mai sauƙin gani: asarar da ɓarawo ya so ya jawo wa wani, ita ce daidai take komawa kansa. Ya mayar da ɗaya, ya ƙara ɗaya daga nasa. Wanda ya yanka ko ya sayar kuwa ya wuce nan. Ya ɓatar da shaida, ya rufe hanyar mayarwa, ya kuma nuna cewa ba zuciya ce ta ɗebe shi na ɗan lokaci ba, akwai wuƙa ko mai saye da suke jira. Ga manomi kuma dabbar da ya raina ya hora ba a maye gurbinta da kowace irin dabba.

Bambancin biyar da huɗu malaman Yahudawa sun yi masa bayani biyu, duka suna cikin Talmud, babban kundin muhawarar malaman Yahudawa a kan shari'a (Baba Kamma 79b). Rabbi Meir ya ce dubi girman aiki: bijimi yana huɗa, wanda ya sace shi ya tsayar da noman gida, shi ya sa tararsa ta fi. Rabbi Yohanan ben Zakkai kuwa ya ce dubi girman mutuncin ɗan Adam: bijimi da ƙafarsa yake tafiya, amma tunkiya sai ɓarawo ya saɓa ta a kafaɗa, kuma wulaƙancin da ya sha a haka an lissafa masa shi, an rage masa ɗaya. Bayanin farko ya fi kusa da rayuwar manoman tsaunukan Yahudiya, amma na biyun ne ya fi taɓa ni, domin malami ne yake kallon ɓarawo yana ganin mutum mai kunya.

Mishna, tarin hukunce-hukuncen malaman Yahudawa, wadda aka tattara wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, ta taƙaita huɗu da biyar ga shanu da tumaki kaɗai. Jaki, duk da amfaninsa, ninki biyu ne ko an sayar da shi.

4. Idan maigida ya kashe ɓarawon da ya shigo masa da dare, akwai laifi a kansa?

Fitowa 22:2 ta ce idan an kama ɓarawo yana fasa gida, aka buge shi ya mutu, babu alhakin jini a kan wanda ya buge shi. Hoton da ke bayan ayar shi ne na gidan laka da duwatsu, irin wanda ake iya haƙa bangonsa a shige, kamar katangar ƙasa ta ƙauyukanmu. Ayuba 24:16 ma ya ambaci masu haƙa gidaje cikin duhu, waɗanda suke kulle kansu da rana.

A kula da abin da ayar ba ta ce ba. Ba ta umarci maigida ya kashe ba, ba ta kuma ce kisa ne hukuncin fasa gida ba. Abin da ta yi shi ne ta ɗauke wa maigida alhaki. Mai ramakon jini daga dangin mamacin ba shi da ikon binsa, kuma ba za a yi masa shari'ar mai kisankai ba. Da an kama ɓarawon nan da ransa, hukuncinsa biya ne kamar kowa (duba tambaya ta 2).

5. To me ya sa fitowar rana ta sauya hukuncin?

Aya ta 3 ta ce idan rana ta fito a kansa, akwai alhakin jini. Gida ɗaya, ɓarawo ɗaya, kaya ɗaya, amma hukunci ya juya. Wannan shi ke nuna cewa ba dukiya ce ta halatta jinin ba tun farko, tsoron rai ne. Da dare maigida ba ya ganin ko akwai wuƙa a hannun wanda ya shigo, bai san su nawa ba ne, maƙwabta suna barci, matarsa da 'ya'yansa suna kwance a ɗakin da aka fasa. Bugun da ya kai cikin duhu ma bai san inda zai sauka ba. Da rana kuwa yana ganin fuska, yana iya yin ihu a kawo ɗauki, yana iya kai ƙara gaban dattawa a ƙofar gari ya karɓi ninkinsa. Wanda yake da duk waɗannan hanyoyi ya zaɓi kisa, ya zubar da jini a kan abin da ake iya biya.

A nan ne nauyin dokar yake, a ganina. Ɓarawo ya yi laifi, amma laifinsa bai zubar masa da darajar ransa ba. Wanda ya taɓa jin an yi ihun ɓarawo a kasuwa da rana tsaka, taro ya rufar wa mutum da duwatsu da sanduna kafin a tambaye shi ko sunansa, ya san cewa wannan aya ba tsohuwar magana ba ce. Annabi Irmiya ma ya yi amfani da ita ya tuhumi mutanensa: a 2:34 ya ce an sami jinin matalauta marasa laifi a tufafinsu, alhali ba su kama su suna fasa gida ba.

Shari'ar wanda alhakin jini ya hau kansa tana bin dokokin kisa na Ƙidaya 35, inda aka raba ganganci da kuskure, aka kuma keɓe biranen mafaka 6.

6. Shin malaman Yahudawa sun ɗauki rana a matsayin rana ta zahiri?

Da yawansu ba su tsaya a nan ba. A Talmud (Sanhedrin 72a) an ce ai rana ba a kansa shi kaɗai take fitowa ba, don haka ma'anar ita ce: idan ya bayyana maka sarai, kamar hasken rana, cewa mutumin nan bai zo da nufin ranka ba, kada ka kashe shi. Misalin da suka kawo shi ne uban da ya fasa ɗakin ɗansa don ya ɗauki wani abu. An san uba ba zai kashe ɗansa ba, saboda haka jininsa haramun ne ko da tsakar dare ne. Rava, malamin Babila na ƙarni na 4, ya bayyana dalilin sassaucin: ɓarawo ya san mutum ba ya zuba ido a kwashe masa dukiya, don haka ya shigo da shirin cewa in an tare shi zai yi kisa.

Musa bin Maimun, malamin Yahudawa wanda ya rasu a Masar a 1204, ya bi wannan hanya ya ce dare da rana duk ɗaya ne, abin dubawa shi ne haɗari. Amma ya kafa iyakoki masu tsanani. Ɓarawon da ya juya baya yana fita ba a kashe shi. Wanda mutane suka riga suka kewaye ba a kashe shi. Wanda ya shiga gona ko lambu ko garke ba a kashe shi, domin ya san ba a cika samun mai wurin a can ba, ke nan dukiya kawai ya zo nema. Ibrahim ben Dawud na Faransa, wanda ya yi zamani da shi, ya saɓa masa, ya riƙe cewa ɓarawon rana ba a kashe shi. Ko wanne aka bi, mafita ɗaya ce da ta tambaya ta 5.

7. Idan ɓarawo ba shi da abin biya fa?

Sai a sayar da shi saboda satarsa (22:3), kuɗin ya tafi ga wanda aka yi wa sata. Magana ce mai ɗaci, kuma bai kamata a shafa mata zuma ba: mutum ne ake raba shi da 'yancinsa. Sai dai tana da iyaka. Fitowa 21:2 ta ce bawa Ba'ibrane shekara 6 yake yi, a ta 7 ya fita ba tare da ya biya komai ba, kuma Maimaitawar Shari'a 15:13-14 ta hana a sallame shi hannu wofi, sai an ba shi daga garke da masussuka da wurin matsar inabi. Malaman baya sun ƙara ƙuntata dokar: ana sayar da shi ne a kan ainihin abin da ya sata, ba a kan ninkin ba, kuma mace ba a sayar da ita saboda sata.

8. Wanda ya tuba ya kawo kansa, shi ma ninki biyu zai biya?

A'a. Firistoci 6:1-7 ya yi magana a kan wanda ya ci amanar ajiya, ko ya ƙwace, ko ya tsinci abu ya musanta, har ya rantse a kan ƙarya, daga baya zuciyarsa ta dame shi. Zai mayar da abin cikakke, ya ƙara humushinsa, wato kashi ɗaya cikin biyar na darajarsa, sannan ya kawo rago marar aibu hadaya don laifi. A duba jerin da kyau: maƙwabci ne farko, bagadi daga baya. Ba a wanke hakkin mutum da hadaya. Mishna ta ce ko abin bai wuce ƙaramin tsaba ba, in dai an rantse a kansa, sai an bi mai shi da shi ko da ya tafi ƙasar Midiya. Idan mai hakkin ya rasu kuma ba shi da dangi, Ƙidaya 5:8 ta ce a ba firist.

Tazarar da ke tsakanin humushi da ninki biyar tana da faɗi, kuma da gangan ne. Doka tana buɗe wa mai laifi ƙofar dawowa mai sauƙi fiye da ƙofar ɓoyewa. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'idar cewa wanda ya amsa laifinsa da kansa kafin shaidu su zo, tara ta faɗi, ainihin abin kawai zai biya.

9. Akwai bambanci tsakanin ɓarawo da ɗan fashi?

Akwai, kuma yana ba mutane mamaki. A fahimtar malaman Talmud, mai ɗauka a ɓoye ne yake biyan ninki, mai ƙwacewa a fili kuwa abin da ya ƙwace kawai yake mayarwa. Almajiran Yohanan ben Zakkai sun tambaye shi dalili, ya ce ɗan fashi bai ji tsoron mutum ba bai ji tsoron Allah ba, ya daidaita su, amma ɓarawo ya ji tsoron idon mutum ya raina idon Allah. Akwai kuma dalili na zahiri: wanda aka yi wa ƙwace ya san wanda zai kai ƙara, wanda aka yi wa sata kuwa sai ya yi ta zargin maƙwabta da barorin gida.

10. Idan na ba mutum ajiya ko kiwo aka sace a hannunsa, wa zai biya?

Ayoyi 7 zuwa 15 sun rarrabe. Kuɗi ko kayan da aka ba wani ajiya, idan an kama ɓarawon, shi zai biya ninki biyu. Idan ba a kama shi ba, mai ajiyar zai tsaya gaban Allah, wato a wurin shari'a, a tabbatar bai sa hannu a kayan ɗan'uwansa ba. Dabbar da aka ba makiyayi kuwa, idan ta mutu ko ta karye ko mahara suka kora ta ba wanda ya gani, rantsuwa ta wadatar. Idan sace ta aka yi, zai biya, domin tsaro shi ne aikinsa. Malamai sun fahimci cewa na farkon ajiyar kyauta ce, na biyun kuwa ana biyansa lada, shi ya sa nauyinsa ya fi.

Idan naman daji ne ya kashe dabbar, makiyayi ya kawo ragowar gawar shaida, ba zai biya ba. Wannan ne hoton da ke Amos 3:12, inda makiyayi yake ƙwato ƙafafu biyu ko guntun kunne daga bakin zaki. Shi ne kuma ƙorafin Yakubu ga Laban a Farawa 31:39, cewa shi ya riƙa ɗaukar asarar abin da namun daji suka kashe da abin da aka sace dare da rana. Mai aro ya fi kowa nauyi: dabbar aro in ta mutu ko ta ji rauni ba mai ita a wurin, biya ne cikakke.

11. Babu satar da ake kashe mutum a kanta ke nan?

Akwai satar mutum. Fitowa 21:16 ta ce wanda ya sace mutum, ko ya sayar da shi ko an same shi a hannunsa, kashe shi za a yi, kuma Maimaitawar Shari'a 24:7 ta nanata. Babu ninki a nan domin mutum ba shi da farashi. Talmud ma ya fassara hanin sata na Dokoki Goma a kan satar mutum, tunda yana jere da kisankai da zina. Labarin Akan a Yoshuwa 7, wanda aka jajjefe bayan cin Yariko, wani babi ne daban: abin da aka keɓe wa Allah ya ɓoye a alfarwarsa, ba kayan maƙwabci ba.

12. Yaya wannan shari'a take idan an gwada ta da ta maƙwabtan Isra'ila?

Kamannin suna da yawa. Dokokin Eshnunna, wani tsohon birni a ƙasar Iraki ta yau, waɗanda aka tono allunansu a Tell Harmal a gefen Bagadaza, sun ce wanda aka kama a gidan wani da rana zai biya shekel 10 na azurfa (shekel ma'aunin nauyi ne), wanda aka kama da dare kuwa zai mutu. Alluna Goma Sha Biyu, wato dokokin Roma ta dā, na wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Almasihu, sun halatta kashe ɓarawon dare, na rana kuwa sai in ya kare kansa da makami.

Inda aka rabu shi ne a kan rai. Hammurabi, sarkin Babila da ya yi mulki wajen 1792 zuwa 1750 kafin haihuwar Almasihu, an sami dutsen dokokinsa a Susa ta ƙasar Iran, yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Doka ta 8 ta ce satar dabbar haikali ko ta fada ninki 30 ce, ta talaka ninki 10, wanda ba shi da abin biya a kashe shi. Doka ta 21 ta ce wanda ya fasa gida a kashe shi a bakin ramin da ya haƙa. Doka ta 25 ta ce wanda ya je kashe gobara ya ɗauki kayan maigida a jefa shi cikin wutar. A Babila talauci yana iya zama sanadin mutuwar ɓarawo, a Fitowa kuwa ƙarshensa aikin shekara 6 ne (duba tambaya ta 7), kuma tara ba ta hawa ko sauka saboda matsayin mai dabbar.

13. Karin Magana 6:31 ta ce ninki bakwai. Ba saɓani ba ne? Mai satar yunwa kuma fa?

Wurin ba doka yake kafawa ba, gargaɗi yake yi a kan zina. Yana cewa ba a raina wanda ya yi sata don yunwa, amma in an kama shi zai biya ko da duk abin da ke gidansa zai ƙare, alhali mijin da aka ci amanarsa ba ya karɓar fansa. Bakwai a nan cikar biya take nufi. Mayunwaci kuwa an riga an buɗe masa hanya: Maimaitawar Shari'a 23:24-25 ta ba mai wucewa izinin cin inabi ya ƙoshi a gonar wani ba tare da ya zuba a jaka ba, ya kuma murtsuke zangarniya da hannu ba tare da ya sa lauje ba. Firistoci 19:9-10 ya bar wa matalauci da baƙo gefen gona da kala.

14. Akwai alamar cewa mutane sun san dokar suna kuma aiki da ita?

Akwai. A 2 Sama'ila 12, da Natan ya ba Sarki Dawuda labarin attajirin da ya yanka 'yar tunkiyar matalauci ɗaya tilo, sarki ya husata ya ce mutumin ya cancanci mutuwa, amma hukuncin da ya yanke ninki huɗu ne, daidai da Fitowa 22:1. A Luka 19:8, Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, alhali humushi ne doka za ta nema a wurin mai tuba (duba tambaya ta 8). Marubucin tarihi Yusufus kuma ya ba da labarin yadda Sarki Hirudus ya kafa dokar sayar da masu fasa gidaje zuwa ƙasashen waje, jama'a suka ƙi ta, domin bauta a hannun baƙi ba ta da shekara ta 7.

15. Yaya take da shari'ar Musulunci?

Tsari biyu ne, kada a cakuɗa su. Suratul Ma'ida aya ta 38 ta kafa haddin yanke hannu, malaman fiƙihu kuma suka gindaya masa sharuɗɗa kamar nisabi da ɗauke abu daga ma'ajiyarsa. Attaura ba ta da haddi irin wannan a kan dukiya. Inda mai karatu zai ji an haɗu shi ne ƙissar Annabi Yusuf: a aya ta 75 ta surarsa 'yan'uwansa sun ce wanda aka sami abin a kayansa shi ne sakamakon, wato a riƙe shi, haka kuma wakilin Yusuf ya yanke a Farawa 44.

16. Idan abin da aka sata ya riga ya shiga cikin wani abu, kamar katakon da aka yi gini da shi?

Makarantu biyu na malaman Yahudawan dā sun yi saɓani a kai. Makarantar Shammai ta ce a rushe ginin a ciro katakon a mayar wa mai shi, domin Firistoci ya ce a mayar da abin da aka ƙwace. Makarantar Hillel ta ce a biya kuɗinsa kawai, kuma nata ra'ayin aka bi. Mishna (Gittin 5:5) ta faɗi dalili: saboda masu tuba, domin wanda aka ce sai ya rushe gidansa kafin ya gyara laifinsa ba zai taɓa fitowa ya amsa ba. Haka wanda ya ƙwace itace ya sassaƙa kayan aiki da shi, ko ulu ya saƙa tufa, zai biya darajar itacen ko ulun yadda take a ranar da ya ɗauka.